"Auspicious": Tsuntsayen Rumawa a Kan Katin Bikinmu

Watan jiya saura ƙiris a zubar da katin gayyata ɗari uku a gidanmu, duk a kan kalma guda. 'Yar ƙanina za a aurar. An kai aikin kati wurin masu ɗab'i, suka buga fuska ɗaya da Hausa, ɗayar da Turanci. A fuskar Turancin akwai layin nan da duk mai zuwa taro ya saba ji: *on this auspicious occasion*. Ba wanda ya ce a sa shi. Yaron da ke kan kwamfutar yana da shi a ajiye, kowane kati ya zo hannunsa sai ya ɗora masa.

Bayan sallar isha'i sai ga saƙon murya a zauren WhatsApp na dangi, daga ɗan yayata da ke jami'a. Minti huɗu yana magana. Ya ce ya bincika, kalmar *auspicious* asalinta duba ne da tsuntsaye irin na masu bautar gumaka a Rum, saboda haka shirka muke shirin raba wa jama'a da hannunmu, a sake buga katin. Kafin gari ya waye dangi sun rabu biyu. Uban amarya, wanda kuɗin kayan ɗaki suka riga suka sha masa kai, ya kira ni murya a sanyaye yana tambaya ko da gaske ne.

Na ce masa ya raba katinsa. Yaron ya faɗi gaskiya a kan tarihin kalmar, ban ƙaryata shi ko da harafi ɗaya ba. Hukuncin da ya ɗora a kai ne ban yarda da shi ba. Kalma tana nufin abin da masu furta ta da masu sauraronta suka fahimta a yau. Inda ta fito labari ne mai kyau a sani, amma ba da shi ake yanke mata hukunci ba.

Inda kalmar ta fito

A Turancin yau, *auspicious* na nufin abin da ya zo da alamar alheri, mafarin da ke sa a yi fatan ƙarshe zai yi kyau. Tushenta kalmar Latin ce, *auspicium*, wadda aka haɗa daga *avis*, wato tsuntsu, da *specere*, wato dubawa. Duban tsuntsu ke nan, ba ƙari ba ragi.

A Rum ta dā wannan ba aikin bokan lungu ba ne, aikin hukuma ne. Ba a zaɓe, ba a zaman majalisar jama'a, ba a fita yaƙi sai shugaba ya nemi alama daga Jupita, babban abin bautarsu. Akwai majalisar masana wannan fanni, ana ce wa kowannensu *augur*. Tun suna uku, a shekara ta 300 kafin Miladiyya suka koma tara, zamanin Juliyas Kaisar suka kai 16. Mai duban yakan riƙe sanda mai lanƙwasasshen kai kamar kwagiri, ya shata wani yanki na sama da ita, ya zauna yana jira. Wasu tsuntsayen tashinsu ake lura da shi, kamar mikiya da ungulu. Wasu kuma kukansu ake saurara, kamar hankaka da mujiya.

Ba gaibu suke neman a karanta musu dalla-dalla ba. Tambaya ɗaya ce: wannan abin da za mu yi yau, an yarda ko ba a yarda ba? In amsar ba ta yi daɗi ba, sai a bari gobe a sake tambaya.

Labarin kafa birnin ma da tsuntsu ya fara. Rumawa sun ce tagwaye Romulus da Remus sun yi saɓani a kan wanda zai mulki sabon garin, sai kowa ya hau tsauninsa yana duban sama. Remus ne ya fara gani, ungulu shida. Daga baya Romulus ya ga 12. Wancan ya ce shi ya riga, wannan ya ce nasa sun fi yawa, rigimar ta ƙare da mutuwar Remus. Suna lissafa wannan a shekara ta 753 kafin Miladiyya. Ka duba fa, ungulu. Tsuntsun da Bahaushe ke kora daga mahauta, shi ne albishirin sarauta a wurinsu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba a jikin tsuntsun alamar take ba, a kan mai kallo take.

Kajin da suka ƙi cin tsaba

Soja a fagen fama ba shi da lokacin zaman jiran mikiya, sai suka sauƙaƙa wa kansu. Rundunar takan tafi da kaji a akurki, da mutum guda wanda kula da su ne aikinsa. In za a gwabza sai a buɗe musu a watsa abinci. In suka ci da haɗama har yana zubowa daga bakinsu, an yarda. In suka ƙi ci, a dakata.

A shekara ta 249 kafin Miladiyya, ana yaƙin farko tsakanin Rum da Kartaj, birnin da kufansa ke Tunisiya a yau, wani shugaban Rum mai suna Publius Claudius Pulcher ya tasar wa jiragen ruwan abokan gaba a Drepana, gaɓar tsibirin Sisili. Aka buɗe wa kaji, suka ƙi ci. Marubutan Rum sun ce ya fusata ya sa aka jefa su teku, wai tunda ba za su ci ba to su sha. Ya shiga yaƙin, aka kama masa jirage 93. Da ya koma gida aka gurfanar da shi, aka ci shi tara mai nauyi.

Wanda ya karanta yadda yaƙin ya gudana ya san abin da ya kayar da shi. Kwamandan Kartaj, Adherbal, ya sulale da jiragensa daga tashar, ya zagayo ta buɗaɗɗen teku, ya matse Rumawa a bakin gaɓa inda ba su da filin juyawa. Dabara ce ta fi dabara. Amma abin da ya zauna a bakin jama'a shekaru ɗaruruwa shi ne kajin. Haka camfi yake rayuwa a ko'ina: ranar da ya dace da abin da ya faru a riƙe, ranakun da bai dace ba a manta.

Su kansu masu ilimin Rum sun san akwai wasa a ciki. Cicero, wanda shi ma ɗan majalisar masu duban ne, ya yi ƙorafi a rubuce cewa kazar da aka kulle aka bar ta da yunwa dole ta faɗa wa abinci, to ina alama a nan? 'Yan siyasa kuwa sun mayar da abin makami. A shekara ta 59 kafin Miladiyya, Bibulus, wanda ke riƙe da shugabanci tare da Kaisar, ya kasa hana dokar rabon filaye ta abokin aikinsa. Sai ya shige gida ya kulle ƙofa wata da watanni, yana aiko da sanarwa cewa yana duban sama, don duk abin da aka zartar ya zama an yi shi ba bisa ƙa'ida ba. Kaisar bai saurare shi ba.

Duk wannan ya mutu. A ƙarshen ƙarni na 4 Miladiyya, sarakunan Rum da suka karɓi Kiristanci sun hana bautar gargajiya, dokokin Sarki Theodosius na 391 da 392 suka rufe babin. Ita kuwa *auspicious* sai ƙarshen ƙarni na 16 ta bayyana a Turanci. Tsakanin rufe babin da bayyanarta shekara wajen 1,200 ne. Ta shigo harshen mutanen da ba su taɓa ajiye kaza don neman izinin Jupita ba.

"Ai asali ba ya ɓuya"

Wannan ita ce hujjar farko da aka kawo mini, kuma na fahimci inda ta fito. Mu mutane ne masu tambayar asali. Amma kalma ba ɗiyar da za a aura ba ce.

In da asali ake bi, sai mu fara da kalandar da ke jikin bangon kowane ofis. Janairu sunan Janus ne, gunkin ƙofofi mai fuska biyu. Maris sunan Mars ne, gunkin yaƙi. A kan katin da ake rigima a kai, da Hausa ma, an rubuta sunan wata irin na Rumawa, ba wanda ya ɗaga kai. Ranar 29 ga Mayu da ake rantsar da shugaban ƙasa da mafi yawan gwamnoni tun 1999, Turancinta *inauguration*, daga *augur* ɗin nan ta fito, domin a Rum ba a naɗa sarki ko babban limamin bauta sai an duba tsuntsu a kansa. Duk takardar taron da ta ce an shirya shi *under the auspices of* wata ma'aikata, daga nan take: babban kwamanda ne kaɗai ke da ikon duban, ƙananan hafsoshi a ƙarƙashin dubansa suke yaƙi. Yau ba abin da take nufi sai "a ƙarƙashin inuwar".

Mu dawo gida. Ɗan yayata ɗan boko ne, kuma yana alfahari da haka. Masanin harshen Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa boko ba daga kalmar Turanci ta littafi ta fito ba, tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, algus, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Kakanninmu sun raɗa wa karatun Bature wannan suna ne don raini. Yau uba ya ce ya sa ɗansa a makarantar boko, akwai wanda zai ce ya amsa cewa yaudara yake biya wa kuɗi?

Sai kalmar da ta fi kusa da zancenmu, sa'a. Larabci ce, ma'anarta lokaci, shi ya sa muke cewa sa'a biyu, sa'ad da, sa'an nan. Da ita kuma muke cewa wane ya taki sa'a, kamar dai akwai wani lokaci mai kyau a shimfiɗe a hanya wanda ƙafarsa ta faɗa a kai. In ka tsananta tono, za ka iya cewa akwai ƙanshin zaɓen lokaci irin na masu hisabi a cikinta. Amma uwar da ta ce wa ɗanta "Allah ya ba da sa'a" zai shiga jarrabawa, Allah ta roƙa, kuma kowa ya san haka.

"To ai an hana cewa ra'ina"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, kuma wani dattijo mai karatu ne ya kawo ta, don haka na zauna na yi tunani a kanta. A aya ta 104 ta Suratul Baƙara an hana muminai ce wa Annabi *ra'ina*, wato ka kula da mu, aka ce su ce *unzurna*, wato ka dube mu. Ke nan akwai kalmar da ake bari ko da mai faɗinta bai nufi sharri ba.

Gaskiya ne. Amma me ya sa aka hana? Saboda a lokacin, a garin, akwai masu karkatar da ita da harshensu suna nufin zagi, kamar yadda aya ta 46 ta Suratun Nisa'i ta bayyana. Mummunar ma'anar tana raye, tana yawo a bakin mutane a majalisi guda. Ba a hana ta don wani abu da ta taɓa nufi shekara dubu kafin nan a wata ƙasa ba. Abin da na fahimta daga ayar, ma'anar da ke aiki a kunnen masu sauraro ita ake dubawa, kuma wannan ra'ayina yake ƙarfafawa.

Larabawan jahiliyya ma suna da irin na Rumawa. Mutum zai yi tafiya sai ya tayar da tsuntsu, in ya yi dama ya ci gaba, in ya yi hagu ya koma gida. Daga *ɗairu*, tsuntsu, aka samu *ɗiyara*, camfin da hadisi ya kore. A ruwayar Bukhari da Muslim, Manzon Allah (SAW) ya ce babu ɗiyara, kuma fa'ali yana burge shi, da aka tambaye shi mene ne fa'ali ya ce kalma mai daɗi. Aikin aka kashe, ba a bi harshen Larabci ana tsince duk kalmar da ta taɓa gogar wannan al'ada ba. Sunan Maimuna, mai albarka, tushensa ɗaya da *yamin*, hannun dama, ɓangaren da suke murna in tsuntsu ya bi. Sunan matar Annabi ne, kuma kusan kowace unguwa tamu akwai Maimuna.

Mai kwamfutar da ya rubuta *auspicious occasion* kalma mai daɗi ya nufa. Rana ce ta farin ciki, muna fatan alheri. In za a ajiye ta a ɗaya daga cikin biyun, ta fi kusa da fa'ali.

"Me za a rasa in an bari?"

Wasu suka ce to ko don kokwanto a canja, ai barin abin da ake shakka ya fi. Ga wanda bai buga katinsa ba tukuna, ba ni da ja. Ni kaina ba na son kalmar, masu jawabi sun tauna ta har ta salance, kuma "wannan rana mai albarka" ta fi ta daɗi a kunnena nesa ba kusa ba. Amma bambanci ne babba tsakanin "na fi son wata kalmar" da "wannan shirka ce". Ta biyun tuhuma ce mafi girma da za a yi wa Musulmi. Na ji muryar ƙanina a waya. Ba kuɗin sake bugawa ne kaɗai suka dame shi ba, tsoro ne ya kama shi cewa zai fara auren 'yarsa da saɓon Allah. Jefa wa bawan Allah irin wannan tsoron a kan abin da bai taɓa ratsa zuciyarsa ba, shi ne abin da za a rasa, kuma ba ƙarami ba ne.

Akwai inda zan ba ɗan yayata gaskiya. Kalmar ba a ko'ina ta mutu ba. A Turancin Indiya, in aka ce an zaɓi *auspicious date* don aure, sau da yawa ana nufin masanin taurari ne ya lissafa ranar da sa'ar. A Sin ana ɗaukar lamba 8 mai kawo arziki, har gasar Olamfik ta Beijing aka buɗe ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. A irin wannan jimla kalmar tana ɗauke da imani mai rai, kuma Musulmin da ya faɗe ta da wannan nufi ya shiga abin da aka hana. Sai dai ka lura, abin da ya bambanta wannan da katinmu ba Latin ba ne. Kalma ɗaya ce, asali ɗaya. Nufin mai magana da fahimtar mai ji su suka raba.

Wanda yake raye a tsakar gida

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba katin ba ne, an raba shi, an ɗaura aure lafiya. Abin da na gani ranar sa lalle ne.

Akwai maƙwabciyarmu, mace mai kirki, ita ta yi ta ɗawainiyar girki tun ana saura kwana uku. Mazanta biyu sun rasu, ɗaya a hatsarin mota, ɗaya bayan doguwar jinya wadda ita ta yi ta. Da aka zo shafa wa amarya lalle ta miƙo hannu za ta karɓi ƙwaryar, sai wata gwaggonmu ta janye ta a hankali, ta ce mata, "Ke dai je ki duba mana tukunyar can." Ba a ɗaga murya ba. Matan da ke wurin duk sun gane, ita ma ta gane. Ina tsaye a bakin zaure na ga ta goge hannunta a gefen zaninta, ta koma wajen murhu, ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana gyara itacen da ba ya buƙatar gyara.

Farar ƙafa ake nufi. Ba wanda ya furta, ba kuma sai an furta ba.

Wannan ita ce ɗiyara da ranta da lafiyarta, sai dai a maimakon tsuntsu mace aka samu. Ita ce dai ke sa a ce mujiya ta yi kuka a kan soro za a yi mutuwa, a ɗage tafiya saboda Larabar ƙarshen Safar, a je a buga ƙasa kafin a sa ranar aure. A hadisin da ya kore ɗiyara, wata ruwayar ta ambaci mujiya da Safar da sunansu. Waɗannan ba sai an buɗe ƙamus na Latin ba, da Hausa ake yinsu, a gabanmu. Zauren WhatsApp ɗin da ya kwana yana muhawara a kan kajin Rumawa bai ce uffan ba a kan abin da aka yi wa matar nan. Ni ma a lokacin ban yi magana ba, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Ba na son yaran nan su daina tono asalin kalmomi. Ina ma a ce ana koyar da shi tun daga sakandare, na Turanci da na Larabci da na Hausa, domin yaron da ya san *avis* da *specere* ba zai ƙara manta ma'anar kalmar ba, kuma zai gane cewa *inspect* da *spectator* 'yan ɗaki ɗaya ne da ita. Wanda ya karanta labarin Pulcher da Bibulus da kyau kuwa zai fito da idon gane camfi a duk rigar da ya sa, ko da rigar gidansu ce.

Bayan biki na kira ɗan yayata, muka zauna a ƙofar gida bayan la'asar. Na ba shi labarin ƙwaryar lallen. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kawu, wallahi ban san an yi haka ba." Na ce na sani, kana wajen maza. Na roƙe shi ya sake yin wani saƙon muryar, ko na minti biyu ne, a kan farar ƙafa, da hadisin da ya riga ya haddace. Ya ce yana jin nauyin Gwaggo, za ta san da ita ake. Na ce to mu fara zuwa wurinta tare, mu gaishe ta, ni zan buɗe zancen. Mun sa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.